Tauraro huɗu zuwa sama: yadda Fashion Nova ya tara yabon kwastomomi ta imel, ya kuma biya dala miliyan 4.2

A ranar 25 ga Janairun 2022, hukumar da ke kare masu saye daga ha'incin 'yan kasuwa a Amurka, wadda aka fi sani da FTC, ta sanar cewa kamfanin tufafi na Fashion Nova ya yarda zai biya dala miliyan 4.2 don a kashe ƙarar da ta shigar a kansa. Ƙarar ba ta ce kamfanin ya sayi yabo da kuɗi ba. Ba ta kuma ce ya sa ma'aikatansa sun yi shigar burtu sun rubuta wa kayansa kirari ba. Abin da ta ce shi ne, daga ƙarshen 2015 zuwa Nuwamban 2019 kamfanin yana neman kwastomominsa su faɗi ra'ayinsu kan abin da suka saya, amma sharhin da ya zo da tauraro huɗu ko biyar ne kaɗai ke hawa shafi da kansa. Na tauraro uku zuwa ƙasa sai a tsare shi a gefe, wai sai an duba, kuma dubawar ba ta zo ba. Dubban ɗaruruwan sharhi ne suka maƙale a haka. Hukumar ta ce wannan ne karo na farko da ta tuhumi wani kamfani da ɓoye sharhin da bai yi masa daɗi ba.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne babu wani abu na musamman a cikin kayan aikin da kamfanin ya yi amfani da su. Saƙon imel da kwamfuta ke aika wa mai saye bayan ya karɓi kayansa, da manhajar da ke tattara amsoshi ta jera su a ƙarƙashin hoton kaya, kusan duk wani kanti na intanet yana da su, kuma halal ne. Tsakanin wannan halal ɗin da abin da ya jawo wa kamfanin biyan miliyoyi, saiti ɗaya ne tak a cikin manhaja.

Kamfanin

Richard Saghian ya buɗe shagon Fashion Nova na farko a 2006, a cikin rukunin kantunan Panorama da ke yankin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Kayan mata yake sayarwa masu araha, irin na zuwa biki da fita shaƙatawa. A 2013 ya buɗe shafin sayarwa ta intanet, ya kuma jingina tallarsa kusan baki ɗaya a kan Instagram: a ba wa 'yan mata masu mabiya kaya su saka, su ɗauki hoto, su ambaci sunan kamfani. Dabarar ta ci. A 2018 kamfanin ya fitar da jerin kaya da haɗin gwiwar mawaƙiya Cardi B, kuma a wannan shekarar Google ya ce babu sunan kamfanin tufafi da aka fi nema a injinsa kamar Fashion Nova, har ya sha gaban Louis Vuitton da Gucci.

Irin wannan ciniki yana da wata matsala da mai shagon kan titi bai san ta ba. Mai saye ba ta taɓa yadin da hannunta ba, ba ta ɗaga shi a haske ba, ba ta shiga ɗakin gwaji ba. Hoto kawai take gani, a jikin wata wadda aka zaɓo don kaya su zauna mata. Shin wandon yana miƙewa? Shin rigar shara-shara ce? Shin lambar da aka rubuta ita ce lambar gaskiya, ko sai an ƙara ɗaya? Ba ta da wanda za ta tambaya sai waɗanda suka riga ta saye. Shi ya sa a kasuwar tufafi ta intanet sharhin kwastomomi ke yin aikin da hannu da ido ke yi a kasuwa.

Kuma ba wannan ne karon farko da kamfanin ya haɗu da hukumar ba. A Afrilun 2020 ya yarda ya biya dala miliyan 9.3 kan zargin jinkirta aika kaya ba tare da sanar da masu saye yadda doka ta tanada ba, da kuma ba su katin sayayya a maimakon mayar musu da kuɗinsu idan kaya ba su samu ba. Shekarun da ake waɗannan ƙorafe-ƙorafe na jinkiri sun faɗo cikin shekarun da ake tsare sharhi. Wato akwai mutane masu yawa da ke da abin faɗa.

Yadda injin ke aiki

Kanti ba ya zama ya rubuta wa kowane kwastoma wasiƙa. Yana haɗa shafinsa da manhajar wani kamfani da sana'arsa ke nan (Bazaarvoice, PowerReviews, Yotpo da Trustpilot na cikin sanannun masu wannan sana'a), sai a tsara jerin sharuɗɗa sau ɗaya, a bar kwamfuta ta ci gaba da aiki dare da rana. Oda ta shigo, an biya, kamfanin jigila ya nuna kaya sun isa. Daga nan agogo ya fara ƙirga. Bayan kwana 7 ko 10 ko 14, gwargwadon yadda aka saita, saƙo ya tafi.

Wanda ya taɓa sayen abu a irin waɗannan kantuna ya san fuskar saƙon. Sunanka na farko a sama, kamar daga bakin wanda ya san ka. Hoton ainihin abin da ka saya, da launin da ka zaɓa. A ƙarƙashinsa taurari biyar da ba a cike ba, manya-manya, yadda babban yatsa zai same su a fuskar waya ba tare da kuskure ba. Da ka taɓa ɗaya, sai akwatin rubutu ya buɗe, wani lokaci ma a cikin imel ɗin kansa, ba sai ka shiga shafi ka tuno lambar sirri ba. Idan ka yi shiru, bayan 'yan kwanaki tunatarwa ta biyo baya, sau ɗaya ko sau biyu. Wasu kantunan kan haɗa da ɗan rangwame a sayayya ta gaba.

Kowane ɓangare na saƙon nan an auna shi. Lokacin aikawa shi ne mafi wuyar daidaitawa. Ka aika da wuri, mutum bai ko kwance ƙunshin ba, ko ma kayan suna hanya, sai ka tsokano fushin da da bai taso ba. Ka yi jinkiri, zumuɗin sabon abu ya wuce, saƙon ya nitse cikin tarin tallace-tallace. Riga tana son kwanaki kaɗan, katifa ko man shafawa suna son makonni. Rage yawan dannawa kuwa shi ne sirri na biyu, domin wanda ya ji daɗin kaya ba ya jin wani abu na tunzura shi ya yi magana. Ya saka rigarsa, ta yi masa, ya wuce harkarsa. Wanda aka ɓata wa rai shi ne zai nemo shafin da kansa, ya yi rajista, ya zauna ya rubuta sakin layi uku. Idan kanti ya naɗe hannu yana jiran sharhi ya zo da ƙafarsa, masu fushi da 'yan tsirarun masoya na gani-kashe-ni ne za su cika masa shafi. Aikin imel ɗin shi ne ya taɓo wannan babban rukunin da ke tsakiya, waɗanda suka gamsu amma suka yi shiru.

Fashion Nova yana yin wannan, yana aika wa waɗanda suka yi sayayya saƙon neman sharhi, kuma a ƙarƙashin kowane kaya akwai wurin da ake nuna sharhin da matsakaicin taurari. Har zuwa nan babu abin zargi.

Inda aka sa rariya

Manhajojin nan suna ba mai kanti ikon duba sharhi kafin ya fito fili, kuma akwai dalili mai kyau na yin hakan. Wani zai rubuta ashar, wani zai liƙa tallar kansa, wani zai saka lambar wayar mutane, wani kuma zai yi sharhin takalmi a ƙarƙashin jaka. Dole a samu mai sharewa. Amma da yake sharhi na shigowa dubbai a rana, manhajar kan ba da zaɓi: wane irin sharhi ne zai wuce kai tsaye, wane iri ne zai jira a duba shi? A nan ne kamfanin ya zaɓi tauraro huɗu da biyar su wuce, sauran su jira.

A ɗauki misalin wata da ta sayi doguwar riga don bikin ƙawarta. Rigar ta iso, yadin ya yi kyau, amma zif ɗin ya ɓalle a sakawar farko, ga shi ta matse a ƙirji. Imel ya zo yana tambayar yaya ta ga kayan. Ta danna tauraro biyu, ta rubuta cewa duk mai son saye ta ƙara lamba ɗaya, ta kuma kula da zif. Shafi ya yi mata godiya. Ita a ganinta ta taimaki wata. Rubutunta kuwa ya faɗa cikin wani jeri a bayan fage mai taken jiran amincewa, ƙarƙashin dubbai irinsa, kuma ba wanda zai buɗe shi. Washegari wata ta zo shafin rigar, ta ga taurari sun kusa cika, ta karanta yabo goma a jere, ta sayi lambarta ta kullum.

Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir ya isa gida ya juye ya san wannan ciniki: na saman ba na roba ba ne, tumatir ne na gaske, jajaye masu kyau, amma ba su ne labarin kwandon ba.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ke nuna girman abin. Muddin ba a ƙirga komai ƙasa da huɗu, to babu wani kaya a kantin, komai lalacewarsa, da makinsa zai iya sauka ƙasa da 4.0. A ce mutum 100 sun sayi wando, 90 sun ba shi tauraro ɗaya, 10 sun ba shi biyar. Makinsa na gaskiya 1.4 ne. A shafi zai fito da 5.0 cif, da sharhi goma duk na yabo. Wato ma'aunin ya daina bambanta kaya mai kyau da mara kyau kwata-kwata, har ma yana iya ɗora mafi muni a saman mafi kyau. Mai saye da ke kwatanta riguna biyu ta hanyar taurari tana kwatanta lambobin da ba sa nufin komai.

Hujjar hukumar a shari'ance ta tsaya ne a kan wannan. Dokar da ta kafa FTC ta haramta yaudara a ciniki, kuma yaudara ba sai an furta ƙarya da baki ba. Idan ka buɗe wuri a shafinka ka rubuta cewa ga sharhin masu saye, ka sa matsakaicin taurari a sama, to ka gaya wa mai karatu cewa wannan ne ra'ayin waɗanda suka rubuto, gaba ɗayansu. In ka cire kashi guda bisa ga yadda suka ji, abin da ka gaya masa ya zama ƙarya, ko da kowane layi da ya rage gaskiya ne.

Abin da kamfanin ya ce

Fashion Nova bai amsa laifi ba, kuma yarjejeniyar sulhu irin wannan ba ta tilasta masa ya amsa. Ya ce zargin hukumar ba daidai ba ne, shi bai taɓa danne sharhi da gangan ba. Bayaninsa shi ne ya dogara da manhajar wani kamfani da ke ba da zaɓin wallafa wasu taurari kai tsaye, sauran kuma a duba su da hannu, sai ya zamana ciniki ya bunƙasa da sauri fiye da ma'aikatan da yake da su, aikin dubawar ya sha ƙarfinsa. Ya ce da ya farga a 2019 shi da kansa ya gyara, ya saki sharhin da aka tsare, ya kuma yi sulhu ne don gudun ɓata lokaci da kuɗin lauyoyi.

Akwai ƙamshin gaskiya a wani ɓangare na wannan bayani. Abu ne mai yiwuwa wani ma'aikaci ya danna wannan zaɓi wata rana a 2015 ba tare da wani taro ko shawara ba, ya kuma bar aiki daga baya, saitin ya ci gaba da gudana. Haka injin da ke aiki da kansa yake: abin da aka gaya masa sau ɗaya zai maimaita sau miliyan, ba zai taɓa ɗago kai ya ce anya ba.

Amma ni dai bayanin bai gamsar da ni ba, saboda dalili biyu. Na farko, ƙarancin ma'aikata zai iya bayyana dalilin da ya sa ba a duba jerin ba, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa aka ja layin a tauraro huɗu. Ashar da tallar banza ba su san tauraro ba. Mai liƙa talla ma ya fi son ya ba da biyar don ya wuce. Wanda ke tsoron shara da gaske zai tace ta hanyar kalmomi, ko ya tsare komai, ko ya saki komai. Na biyu, shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne. Kamfanin da ke amsa ƙorafin jinkirin kaya ba dare ba rana, kamfanin da ke karɓar kayan da aka dawo da su, sannan ya leƙa shafinsa ya ga babu mai kuka ko ɗaya a kan kaya dubbai, ya isa ya yi mamaki. Kuskuren da ke kawo riba kan daɗe ba a gano shi ba, domin babu wanda ke da dalilin nemansa.

Hukuncin

Bayan kuɗin, yarjejeniyar da aka tabbatar a Maris ɗin 2022 ta ɗora wa kamfanin sharaɗi: dole ya wallafa duk sharhin da aka rubuto kan kayan da yake sayarwa a lokacin. Abin da aka yarda ya cire shi ne batsa, da kalaman wariyar launin fata, da abin da ya saɓa doka, da kuma abin da bai shafi kayan ko hidimar kamfanin ba. Kukan jinkirin kaya ko wahalar mayar da su ya shiga cikin abin da ya shafi hidima, saboda haka ba a share shi.

A ranar da aka sanar da sulhun, hukumar ta aika wasiƙu ga kamfanoni 10 masu sayar da irin wannan manhaja, tana jan kunnensu cewa guje wa tattara sharhi mara daɗi ko ƙin wallafa shi ya saɓa doka. Ta kuma fitar da jagora guda biyu, ɗaya ga masu kanti, ɗaya ga masu shafukan sharhi. Wannan ya nuna ta gane cewa matsalar ba ta kamfani ɗaya ba ce. Wanda ya ƙera maɓallin ya san abin da za a yi da shi.

Kuɗin sun ɗauki lokaci kafin su isa hannun mutane. An buɗe ƙofar neman diyya a 2023, sai a Janairun 2025 hukumar ta aika kusan dala miliyan 2.4 ga mutum sama da dubu 148. In an raba daidai, kowa ya tashi da kimanin dala 16, kuɗin riga guda mai araha. Ga kamfani mai girman Fashion Nova, miliyan 4.2 ba abin da zai hana shi barci ba ne. Sharaɗin wallafa komai da kuma sunan da ya liƙe masa sun fi kuɗin nauyi.

Rariyar ma ba a buƙace ta ba

Wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni mamaki a lamarin. A 2017, wato ana tsakiyar shekarun da ake tsare sharhin, cibiyar bincike ta Spiegel da ke Jami'ar Northwestern ta fitar da wani nazari kan yadda sharhi ke shafar ciniki. Ta yi aikin ne da bayanan PowerReviews, wanda shi ma mai sayar da manhajar sharhi ne, don haka yana da kyau a karanta sakamakon da wannan a zuciya. Duk da haka abubuwa uku da nazarin ya nuna sun dace da wannan shari'a kamar don ita aka yi su.

Ya nuna cewa kayan da ke da sharhi biyar kacal ana sayensu fiye da waɗanda ba su da ko ɗaya da kashi 270 cikin ɗari. Wato yawan sharhi yana da daraja a kan kansa, kuma duk wanda ka tsare ka rage wa kanka wannan yawan. Ya nuna cewa waɗanda aka tabbatar sun sayi kaya, irin waɗanda imel ke zaƙulowa, sukan ba da maki mafi girma fiye da waɗanda suka zo da kansu ba tare da an san ko su wane ne ba: matsakaicin 4.34 a gefe guda, 3.89 a ɗaya gefen. Ma'ana imel ɗin shi kaɗai, idan aka aika wa kowa da kowa, yana ɗaga maki ba tare da an ɓoye komai ba. Sai na uku: sha'awar saye ta fi ƙarfi idan maki yana tsakanin 4.0 da 4.7, tana kuma raguwa idan ya doshi 5.0. Mutane ba yara ba ne. Idan suka ga kowa na yabo, sai su fara zargin an yi wani abu.

A kasuwar tufafi kuma sharhin tauraro uku yana da wani amfani na kuɗi tsantsa. Shi ne ke cewa rigar ta fi hoton duhu, ko hannun ya yi gajere, ko a ƙara lamba. Wadda ta karanta wannan za ta sayi daidai da jikinta, ko ta haƙura, kuma duka biyun sun fi wa kanti sauƙi a kan ta saya ta dawo da shi. Haka nan masu sayo kaya a cikin kamfani, da a ce suna karanta jerin nan da aka jibge, da sun san wane maɗinki ne zif ɗinsa ke ɓallewa tun kafin su sake ba shi oda. Kamfanin ya biya kuɗin manhaja don ya tara wannan bayani, ya tara ɗin, sannan ya kulle shi bai karanta ba.

Rariya ta biyu, wadda ke gaban ƙofa

Fashion Nova ya tace ne bayan an rubuto. Akwai wata hanya da ta fi wannan yaɗuwa, ta kuma fi wuyar kamawa, wato a tace tun kafin a rubuto. Imel na farko ba ya neman sharhi, tambaya kawai yake yi: ka ji daɗin hulɗa da mu? Ga fuska mai murmushi, ga fuska a murtuke. Wanda ya taɓa mai murmushi sai a wuce da shi shafin Google ko wani wurin da duniya ke gani. Wanda ya taɓa murtukakkiya sai a buɗe masa fom na cikin gida, a ce ya faɗa mana abin da ya faru mu gyara. Likitocin haƙori, masu gyaran mota, otal-otal da dillalan gidaje sun sha sayen wannan tsari daga kamfanonin gyaran suna, kuma ana tallata shi da sunan kula da kwastoma. Sauraron mai ƙorafi a keɓe abu ne mai kyau. Matsalar ita ce hanya ɗaya aka nuna masa, aka ɓoye ɗayar.

Google ya haramta wannan a ƙa'idojinsa tun Afrilun 2018, inda ya hana zaɓar masu farin ciki kaɗai a roƙe su sharhi, ko kashe wa masu kuka gwiwa. Yelp, shafin da jama'a ke rubuta sharhi kan wuraren kasuwanci, ya fi kowa tsauri, shi bai yarda a roƙi sharhi ba sam. Amazon ya hana ba da kaya kyauta don a samu sharhi tun Oktoban 2016, sai ta shirinsa na Vine, inda shi da kansa ke zaɓar masu sharhin, daga baya kuma ya samar wa 'yan kasuwarsa maɓallin neman sharhi wanda shi ke rubuta saƙon da kalmominsa, kuma ba ya aiki sai tsakanin kwana 5 zuwa 30 da isar kaya. Ta haka ɗan kasuwa ba shi da damar cewa in ka ji daɗi ka ba mu biyar, in ba ka ji ba ka kira mu.

Doka ma ta biyo baya. A ranar 14 ga Agustan 2024 FTC ta kammala wata ƙa'ida ta musamman kan sharhin bogi, wadda ta fara aiki a 21 ga Oktoba na wannan shekarar. Ta haramta ƙirƙira ko sayen sharhin ƙarya, da ba da lada bisa sharaɗin sai an yi yabo, da tsoratar da mai sharhi da barazanar shari'a mara tushe. Ta kuma haramta ainihin abin da aka zargi Fashion Nova da shi: nuna wa jama'a kamar duk sharhin ke nan alhali an danne wasu saboda ƙarancin taurarinsu. Bambancin shi ne yanzu akwai tara, har dala 51,744 kan kowane laifi guda a lokacin da ƙa'idar ta fara aiki. A lissafa wannan da dubban ɗaruruwan sharhi, za a ga cewa kamfanin da ya maimaita abin a yau ba zai fita da miliyan huɗu ba. A Birtaniya, dokar kasuwannin intanet ta 2024 ta hana sharhin bogi da gabatar da sharhi ta hanyar da ke ɓatar da mai saye daga Afrilun 2025, kuma tarar na iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duk duniya.

Ba rangwamen kansa ne aka hana ba. Kanti na iya ba da ɗan ragi ga duk wanda ya rubuto a shafinsa, muddin mai tauraro ɗaya zai samu daidai da mai biyar, kuma an bayyana a jikin sharhin cewa an ba da wani abu. Haka nan dokar imel ta Amurka ta 2003 ta wajabta wa saƙon talla ya ɗauki adireshin mai aikawa da hanyar cewa a daina, a kuma mutunta wannan buƙata cikin kwanakin aiki 10.

Tacewar gaban ƙofa ce ta rage a wuri mai ɗan duhu. Ƙa'idar 2024 ba ta ambace ta kai tsaye ba. Da aka tambayi hukumar ko kanti zai iya roƙon sharhi daga waɗanda yake ganin sun gamsu kaɗai, amsar da ta wallafa ita ce ƙa'idar ba ta da wani sashe da ya hana hakan, amma yin sa na iya saɓa wa babbar dokar hana yaudara, musamman idan ya karkatar da hoton da jama'a ke gani. Wato dai a ƙarƙashin dokar da aka kama Fashion Nova da ita za a auna shi, lamari bayan lamari, kuma abin da za a fara nema shi ne jerin sharuɗɗan da aka saita wa injin: wa aka ce a aika wa, wa aka ce a tsallake.